Masassaƙin da ke Cikin Huhun Babana

A asibitin Alkmaar, hawa na huɗu,
babana Wiebe yana tari kamar mai faskare.
Shekara arba'in da ɗaya yana shuka albasar fure
a yashin Breezand,
yau ga wani abu ya shuka kansa a cikinsa.

Likita Fenna ta nuna hoton ƙirji da bakin biro:
fumfuna ce, ta ce, mai launin toka da kore,
ta samu tsohon rami a huhun dama, ta tare.

Na ce ta yi mini bayani kamar ga 'yar firamare.
Ta juya bayan takardar abinci, ta zana.

Kowane zaren fumfuna yana da fata,
fatar kuwa ba ta tsayuwa sai da wani maiƙo,
ergositerol sunansa.
Ba saye take yi ba, ƙera abinta take,
hannu zuwa hannu, kamar masu miƙon bulo.
A tsakiyar layin akwai wani masassaƙi,
aikinsa ke nan, ya fere ƙullutu ɗaya
daga jikin ɗanyen maiƙon, ya tura gaba.
Bakin gizagonsa ƙwayar ƙarfe ce tak.

Shi maganin azol ba ya neman kowa da faɗa.
Sulalewa yake, ya cafke bakin gizagon,
ya ƙi saki.
Ɗanyen kaya ya taru, da ƙullutunsa da komai,
a liƙa shi haka nan, tunda babu wani,
fata ta kama yoyo kamar rufin gaggawa,
zare ya miƙa, ya kasa. Ya tsaya.

Mako uku takardar nan tana aljihun kwat ɗina
har ta yi laushi kamar tsumma.

Ran Talata sakamako ya dawo.
Faranti mai gurbi huɗu,
uku da magani, ɗaya babu.
Duka huɗun sun fitar da gashi.

Fenna ta ja kujera, abin da ba ta saba ba.
A me kuke tsoma albasa kafin shuka?
Ina kuke zuba ɓawo da ganye?

Sai na ga jujin bayan rumbunmu,
yana tururi da asubar hunturu,
inda nake ɗuma hannu kafin in hau keke zuwa makaranta.
Maganin da ke bahon tsoma albasa
ashe ɗan ɗakin su azol ne.
Kaɗan-kaɗan ya bi ɓawo ya shiga juji,
bai isa kisa ba, ya isa darasi.
A ɗumin irin wannan juji fumfuna ta sauya ƙirar gizago,
ta kuma ƙara yawan masassaƙa.

Ba zan rantse daga naku ta fito ba, in ji Fenna,
iska ba ta san shingen gona ba.

Baba ya yi dariya har tari ya ƙwace ta.
Ashe ɗalibata ce, ya ce,
kuma ta fi Sjoerd ɗaukar karatu.

Yanzu amfoterisin ke ɗiga,
rawaya kamar ƙwanduwar ƙwai.
Wannan bai da lokacin masassaƙi,
gamammen maiƙon yake bi har cikin fata,
ya zare shi, ya bar ƙofa buɗe.
Sai dai idonsa ba shi da kaifi sosai:
maiƙon jikinmu ɗan'uwan wancan ne,
kama da wane takan jawo wa wane duka,
ƙoda ce ke biyan kuɗin.
Baba na karkarwa cikin bargo biyu.
Joris, mai aikin dare, yana ɗaga gorar fitsari ga fitila
yana rubuta lamba, ba ya cewa komai.

Afrilu ce a waje.
A hanyata ta zuwa, gonaki sun yi layi-layi, ja da rawaya,
motocin baƙi cike da masu ɗaukar hoto.
Na yanko masa guda bakwai daga layin da ya fi so,
na naɗe a jaridar jiya.

A bakin ƙofa Joris ya tare ni, a hankali.
Ba a shiga da fure wannan ɗaki.

Na ajiye su a kan benci.
Na wanke hannu har gwiwa, na shiga.
Baba ya shinshina hannun rigata,
ya ce, kun yanka da wuri.